Matambayi Ba Ya Ɓata: Mu 'Yan Dala da Laburaren Makaranta

Mu mutanen gindin Dala ba a sayar mana da labari da arha. Zauna a kowace majalisa, daga Gwammaja zuwa Ƙofar Mazugal, daga Bakin Ruwa zuwa Adakawa, ka ce ka ji an ce kaza. Kafin ka rufe baki wani ya tare ka: "Wa ya gaya maka?" In ka ambaci mutum, sai a ƙara: "Da idonsa ya gani, ko shi ma ji ya yi?" In kuwa batun karatu ne, sai an ji sunan littafi da babi, a kuma ji a gaban wane malami ka durƙusa ka karanta shi. Haka muka taso muka tarar. Garin nan ne Madabo take, unguwar da tarihi ya danganta da malaman Wangarawa. Garin nan ne na zaurukan Salgawa, inda almajiri ba ya cewa ya san littafi sai ya faɗi wanda ya biya masa shi.

Abin da ya sa hira ta yi tsawo a majalisarmu 'yan kwanakin nan ke nan: wannan hali namu na bin diddigi, me ya hana shi shiga jakar makarantar 'ya'yanmu?

Kowa ya san yadda muke yi. Malamin Hausa ya ba 'yan babbar sakandare jinga, ya ce a rubuto bayani kan wasannin tashe, ko sana'ar ƙira, ko wani marubucin waƙa. Yaro ya dawo gida, ya ci abinci, ya ari wayar yayansa, ya danna kan maganar. Abin da ya fara fitowa shi ne amsa. In gidan da hali, a ba shi kuɗi ya je shagon masu kwamfuta a buga masa, a sa bango mai kyau. In babu, ya kwafe da biro daga littafin abokinsa kafin a kaɗa ƙararrawa. Mu kuma iyaye mu gan shi sunkuye yana rubutu, mu sa masa albarka. Malam ya karɓi tulin littattafai, ya buɗe na farko, ya buɗe na goma, ya tarar jimlolin iri ɗaya ne, har kuskuren ma ɗaya. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayoyi, tana zayyano shafi guda kafin ƙiftawar ido, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci da sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba.

Alhaji mai shagon bakin layi shi ya fara yanke hukunci. Ya ce, "Laifin malamai ne. Zamaninmu wa ya isa ya kai wa malam aikin wani?"

Baba tsohon hedimasta, wanda yawancinmu ta hannunsa muka bi, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da leƙa aji? Je ka gani. Ɗaki cike maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa. Malamin Hausa guda yana zaga azuzuwa da yawa, ga nahawu, ga adabi, ga al'ada, ga manhaja tana binsa sai ya kai ƙarshenta kafin jarrabawa. Yaushe zai zauna da kowane yaro ya nuna masa yadda ake neman ilimi a littafi? An ce ya ɗaga jinka, an kuwa ba shi hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana can an kulle shi a laburare."

Nan hira ta juya, don duk mun san ɗakin da yake nufi. A makarantu da dama akwai shi, an ma rubuta sunansa a saman ƙofa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai inda ake shiga ana karatu, ana aron littafi. Amma mu faɗi abin da muka fi gani. Sau da yawa ɗakin a kulle yake, mabuɗin yana aljihun malamin da shi ma jadawalinsa cike yake da darasi. An kawo littattafai cikin kwalaye, an ajiye ba a kwance ba, don wanda ya sa hannu ya karɓa yana tsoron in ɗaya ya ɓace a ce ya biya. Kujerar da ta karye can ake kai ta. Ajin da malaminsa bai zo ba can ake kora shi don kada ya cika makaranta da surutu. Wanda aka ce shi ne mai kula da ɗakin, mun mai da shi mai gadin kaya: aikinsa ya ƙirga, ya kulle, ya hana taɓawa. Alhali manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sa laburare cikin manyan hidimomin da makaranta ke buƙata. Jami'ar Bayero a nan Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kuwa suna yaye mutanen da aikin laburare shi ne fanninsu.

Ɗaya daga cikinsu 'yar unguwarmu ce, tana aiki a wata makarantar 'yan mata. Ta zo gaida Baba a zaurensa, ya sako mata maganar, bayaninta kuma ya zagaye layin. Ta ce, "Baba, ni ba malamar Hausa ba ce, ba na koyar da nahawu. Aikina kamar na dillalin Kurmi ne: kayan ba nawa ba ne, amma na san rumfar da kowane yake, na san mai kyau da jabu, in baƙo ya zo na kama hannunsa na kai shi. Kuma mutumin farko da nake kamawa hannu ba ɗaliba ba ce, malama ce."

Ga yadda ta ce suna yi. Tun kafin a ba da jinga, ita da malamar Hausa suke zama su duba abin da za a tambaya. Ta ce "tashe" kan magana ne, ba tambaya ba ne, shi ya sa waya take amsa shi nan take. Sai su juya shi: wane wasan tashe kakarki ta yi tana yarinya wanda ku ba ku yi ba, kuma a ganinta me ya kawar da shi? Ko kuwa: da wasannin maza da na mata, wanne ya fi daɗewa a unguwarku, me ya riƙe shi? Irin wannan ba mai buga maka amsarsa a shago. Yarinyar Yalwa da ta Gobirawa ba za su kawo abu ɗaya ba, don kakanninsu ba ɗaya ba ne. Da wannan gyaran kaɗai an toshe ƙofar kwafe, ba tare da an ɗaga bulala ba.

Daga nan ta zaƙulo littattafan da suka shafi batun ta jera su a kanta guda, don kada yara su shigo su tsaya suna kallon bango. Ta fito da Zaman Hausawa, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, da Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Malama ta kawo aji, a raba su rukuni-rukuni. Mai laburaren ta ce darasin farko ƙarami ne amma shi ne tushe: yadda ake buɗe littafi. A duba wa ya rubuta, wace shekara aka buga, wace maɗaba'a, a bi jerin abin da ke ciki a gano shafin da ake nema ba sai an karanta daga bango zuwa bango ba. Akwai ɗalibar da ta kai ajin ƙarshe ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake laluben kalma a ƙamus. Ba dakiƙanci ba ne, rashin mai nunawa ne. Sai kuma a koya musu ɗaukar bayani: a karanta, a rufe littafin, a rubuta abin da aka fahimta da kalmomin kai. In kuwa kalmar marubuci aka ɗauko sak, a sa ta cikin alamar zance, a faɗi mai ita da shafin.

Mataki na gaba shi ya fi faranta wa Baba rai, wato fita wajen manya. Ta ce har wannan sai an koyar. A fara da gaisuwa, a faɗi abin da ya kawo ka, a nemi izini kafin a kunna waya a naɗi murya. A rubuto tambayoyi tun daga makaranta. Kada a sa wa tsohuwa magana a baki, a ce "ai kaza kuke yi ko?" A ce mata, "Iya, yaya kuke yi?" sannan a yi shiru a saurara. A rubuta ranar da aka yi hirar da unguwar da aka yi ta. In an dawo, a zauna a juye maganar a takarda. A nan malamar Hausa take samun abin da ta daɗe tana nema, don yarinyar da ke ƙoƙarin rubuta maganar kakarta dole ta kula da ƙa'idar rubutu: inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, inda ake sa baƙi mai lanƙwasa, bambancin yadda ake furtawa a gida da yadda daidaitacciyar Hausa ta tanada. Nahawun da aka yi ta rubutawa a allo bai zauna ba, sai ga shi ya zauna saboda an buƙace shi.

Wani matashi a majalisa ya tambaya, "To in littafi ya ce kaza, tsohuwa ta ce ba haka ba fa? Wa za a bi?"

Baba ya ce ai nan ne karatun yake. Littafi zai gaya maka tashe yana farawa ne in azumi ya kai goma, zai ba ka labarin Nalako da tashen gwauro a Kano, zai lissafa maka wasanni irin su Macukule. Tsohuwa kuma za ta gaya maka yadda aka yi a lungunsu, da abin da ake ba su, da wanda ya hana su fita. Yaro ya kawo duka biyun, ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, ya faɗi abin da ya fi gamsar da shi da dalilinsa. Ko bai dace ba, ya koyi auna magana.

Sai Baba ya kawo misali da dutsen da muke kwana muna tashi a gindinsa. Ya ce kowane ɗan Dala ya san labarin Barbushe da Tsumburbura, ya san Bagauda, ya san an ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa. Yaro zai iya samun wannan a fassarar Turanci ta Tarihin Kano da Palmer ya buga a 1908, ya same shi a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya zamanin Rupert East, ya kuma tarar da shi a Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Sai yaron ya ce ya sami shaidu uku. Alhali in ya bi sawu zai ga mafi yawan labarin daga tushe ɗaya ya ɓuɓɓugo, wato tsohon kundin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci. Mutum uku da suka ji daga bakin mutum ɗaya ba su zama shaidu uku ba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan. Shi kuwa Bajamushen nan Barth, da ya zo Kano a 1851 ya hau Dala ya zana garin, shaida ne kan abin da idonsa ya gani a zamaninsa, ba kan abin da ya faru ɗaruruwan shekaru kafin zuwansa ba. Wa zai zauna ya nuna wa yaro wannan bambanci, ya ɗora masa littattafan a tebur gefe da gefe? Mai kula da laburare. Yaron da ya gane shi a kan Barbushe zai gane shi a kan saƙon da aka turo wa mahaifiyarsa a WhatsApp.

Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba. Malamin Turanci yana iya neman a ajiye masa Daily Trust da Aminiya, jaridu biyu na kamfani ɗaya, yara su ɗauki labari guda su ga yadda aka ba da shi a harsuna biyu, me aka ƙara, me aka rage, sannan su taƙaita shi da kansu. Malamin Larabci yana da masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, inda har yau ake samun littattafan Larabci da na ajami. Dabarar ɗaya ce a duk harsunan uku: ka yi tambaya mai kyau, ka san inda za ka nema, ka auna abin da ka samu, ka faɗi daga ina ka ɗauko.

Alhaji bai saki ba. Ya ce, "Duk na ji, amma WAEC da NECO ba sa tambayar abin da kakar wani ta ce. Mu sakamako muke so."

Aka ce masa ya duba takardar jarrabawar. Akwai insha'i, akwai auna fahimta, akwai fassara, akwai tambayoyin adabi da al'ada, a Turanci kuma akwai taƙaitawa. Yaron da ya saba karanta shafi ya rufe ya faɗi ma'anarsa da bakinsa, shi ne taƙaitawa ba ta ba shi tsoro. Wanda ya taɓa tsara hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, shi ne insha'i yake zo masa da sauƙi. Wanda kuwa bai san komai ba sai kwafe, ranar da aka raba shi da waya a ƙofar ɗakin jarrabawa sai ya fara waige-waige, daga nan satar amsa take samo asali. Sannan makin ayyukan zango yana hannun makaranta. Ba abin da ya hana malami ya ware kaso don kyawun tambaya, kaso don madogara, kaso don tsabtar rubutu, shi da mai laburare su duba tare. Abin da aka sa wa maki shi yara suke ɗauka da muhimmanci.

Saura batun kuɗi, wanda ba ya ɓacewa a hirarmu. Gaskiya ne littafi ya yi tsada, kuma gyaran makarantu nauyin hukuma ne. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, muna kuma da haƙƙin tambaya ko laburare da ma'aikacinsa suna cikin lissafin, ba azuzuwa da kujeru kaɗai ba. Amma mu ma ba matalautan littafi ba ne. Gidaje nawa ne a Dala ke da adaka cike da littattafan mahaifi, gara tana ci? Ina kwafin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da muka karanta muna yara? Ina littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da iyayen yaran nan suka yi ta karɓa haya? Baba ya tuna mana da Malam Umaru Falke, malami kuma falke na Kano wanda ya rasu a 1962. Tarin littattafansa, rubuce-rubuce fiye da dubu uku, galibinsu na hannu, yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an jera su, an yi musu rajista, masu bincike na zuwa daga ko'ina suna dubawa. Abin da mutum guda ya tara a garin nan ya ishi jami'a alfahari. Darajar ta fito ne saboda an sami masu tsarawa da adanawa, aikin da muke rainawa in an ce ga mai laburare.

Wuraren zuwa ma ba su yi mana nisa ba. Gidan Mambayya yana nan Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, yanzu cibiyar nazari ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero, da ɗakin karatu da kayan tarihinsa. Shi kansa malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi da Maru, ya kuma yi rubutu da Hausa. Ga Gidan Makama kusa da fada. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko ta Kano a 1909. Ga Laburaren Murtala Muhammad na jiha. Yawancinsu adaidaita sahu ɗaya ce ta kai ka. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai rubuta takardar neman izini, ya sanar da ma'aikatan wurin abin da yara ke nema, ya tabbatar kowane yaro ya tafi da tambaya a rubuce, don kada ziyarar ta ƙare a ɗaukar hoto.

Da hira ta zo ƙarshe, ba wanda ya ce a jira wani. Mun tsayar cewa a taron iyaye da malamai na zango mai zuwa, bayan an gama batun kuɗin jarrabawa da gyaran famfo, ɗayanmu zai miƙe ya yi wa shugaban makaranta tambaya cikin ladabi: wace rana da wane lokaci laburare yake buɗe, wa ke kula da shi kuma an sauke masa wasu darussan don ya samu sukuni, sannan ko an taɓa zaunar da shi da malaman Hausa da Turanci da Larabci su tsara jinga tare. Alhaji ya ce shi zai sa kafinta ya yi kanta biyu. Baba ya ce duk ɗalibin da aka turo da tambaya kan tsohuwar Dala, zaurensa a buɗe yake bayan la'asar. Matan layin kuma suka aiko cewa a gaya wa malamai su turo 'yan matan, akwai wasanni da waƙoƙin daka da na reno da ba su so a binne su da su. Wanda yake da littafi a adaka ya fito da shi, a rubuta sunan gidansu a bangon ciki, a kai makarantar da ɗansa yake.